Yadda Zakariyya'u Ya Hana Ɓeraye Balaga

Malam Zakariyya'u ya taɓa gyara fankar masallacin layinmu, ta koma zuƙe iska maimakon ta bayar. Ya taɓa gyara famfon wani malamin makaranta, ruwan ya ɓullo a ƙarƙashin gadon maƙwabcinsa. Duk da haka, in ka yi gangancin zama kusa da shi a bencin mai shayi, zai dafa maka gwiwa ya shaida maka cewa ƙasar nan ba ta san darajar masu basira ba, shi ya sa har yau yake Unguwar Mu'azu maimakon Jamus.

Abin da ke rufa masa asiri guda ɗaya ne. Alhaji Lawal, mai gidan hayar da ke ƙarshen layi, ya ba shi ɗakin bakin ƙofa kyauta, shi da matarsa Safiya, a kan ya riƙa kula da gidan. Ya share kwata, ya kulle ƙofa, ya kai ƙorafin 'yan haya. Ba shi da shago, ba shi da albashi. Ɗakin nan shi ne duk abin da yake taƙama da shi a Kaduna, shi ɗin ma ba nasa ba ne. Amma in ka ji yana cewa "gidana", sai ka rantse shi ya aza tubalin farko.

Ana nan sai ɓeraye suka sako gidan a gaba. Wadda abin ya fi shafa ita ce Madam Judith, wadda kowa ke kira Maman Damaris. Sana'arta suyar cincin da gasa kek na biki, tana riƙe da ɗaki biyu da sito, kuma ita ce 'yar hayar da Alhaji ke ji da ita. Ganin Kirsimeti na tafe, ta sayo buhunan fulawa da na sukari tun kafin su yi tsada, ta jibge a siton. Ran nan ta buɗe ta tarar an huda mata buhu guda, farar fulawa ta yi layi har bakin ƙofa. Ba ta yi wata-wata ba ta kira Alhaji a waya, shi kuma kafin azahar ya faka mota a ƙofar gida.

"Zakari."

"Ranka ya daɗe."

"Matar nan ta ce in ɓera ya ƙara taɓa mata buhu, za ta koma Unguwar Boro wurin ƙanwarta. To, buɗe kunnenka. Ranar da ta fita ta ƙofar nan, katifarka ce za ta bi bayanta."

"Haba Alhaji, ɓera ne fa. Ni da na taɓa..."

"Ban tambaye ka abin da ka taɓa ba. Daga nan zuwa Kirsimeti na ba ka."

Wani mai hankali da sai ya je kasuwa ya sayo tarko da shinkafar ɓera, ya toshe ramuka da siminti, a wuce wurin. Zakariyya'u kuwa ya ce wannan aikin jahilai ne. Ya yi kwana biyu yana zagaye gidan, hannu a baya, yana jiran wata dabara da ta dace da girman ƙwaƙwalwarsa.

Dabarar ta same shi a bakin famfo. Damaris, 'yar Madam Judith da ke karatu a jami'a, ta zo gida hutun ƙarshen mako. Tana wanki, uwarta na tsaye a kanta tana mita.

"Ni ban gane ba. Ina nan ɓera yana kashe ni, ke kina can makaranta kina ba ɓera abinci. Wannan shi ne karatun?"

"Mama, ba irin na sito ba ne. Farare ne, a keji, a ɗakin bincike. Mun raba su kashi-kashi. Wasu mun bar musu fitila a kunne dare da rana, wasu suna samun duhunsu yadda aka saba. Waɗanda ke cikin haske kullum sun riga sauran balaga."

"Balaga? Ɓera ma?"

"Sosai. Akwai wani sinadari da ake kira melatonin, ƙwaƙwalwa ke fitar da shi idan duhu ya yi. Kamar birki yake. Haske yana rage shi, sai balagar ta zo da wuri. Waɗanda muka yi wa allurarsa kuma, tasu ta yi jinkiri."

Zakariyya'u da ke sharar kwata ya tsaya cak, tsintsiya a sama tana ɗiga.

"'Yata, maimaita. Duhu yana hana ɓera balaga?"

"Ba hanawa ba, Kawu. Jinkiri ne, shi ma na 'yan kwanaki, kuma sai an..."

"Ya isa! Ya isa haka. Ku 'yan boko kuna da ilimi, hangen nesa ne ba ku da shi."

Ya yar da tsintsiyar a cikin kwata ya faɗa ɗaki, ya iske Safiya tana tsince shinkafa.

"Safiya, ajiye farantin nan. Ɓeran da bai balaga ba, zai yi aure?"

"Ɓera yana aure ne?"

"Amsa za ki ba ni. Zai haihu?"

"A'a."

"Madalla. To in ɗan duhu yana ɗage balaga kwana kaɗan, duhu mai yawa fa? Duhu na dindindin, ba dare ba rana? Tsofaffin su mutu da tsufa, yaran su zauna yara har abada. Shi ke nan an gama da zuri'ar ɓera, ba jini, ba wari."

Safiya ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin ɓera ya haihu a bakin titi da tsakar rana ba. Duk a duhu suke haihuwa."

"Wancan duhun gargajiya ne. Nawa na kimiyya ne."

"Allah ya sa kimiyyar tana da ɗakin haya."

Ya jira sai da Damaris ta koma makaranta, sannan ya tunkari uwarta a kan ta ba shi makullin sito. Ta ɗebi fulawar da za ta ishe ta aikin yau da gobe, sauran buhunan a bar su a ciki, a rufe, kada a buɗe sai ana gab da Kirsimeti.

"Oga Zakari, abeg, kana so in kulle fulawata tare da ɓarayin?"

"Madam, ɓarayin yara ne. Ɓeran da bai balaga ba haƙorin nono gare shi, ina zai iya da buhu? Kuma wannan ba ilimina ba ne, na 'yarki ne. Ke kika biya kuɗin makarantar. Ko kina nufin ƙarya ake koya mata?"

Nan ya taɓa ta inda ba ta iya musu. Ta ciro waya ta kira Damaris a gabansa.

"Damaris, wai da gaske ne duhu yana jinkirta balagar ɓera?"

"Eh Mama, haka ne. Ina aji, zan kira ki."

Ƙit, ta kashe. Maman Damaris ta kwance makullin daga bakin zanenta ta miƙa masa, har da ɗan murmushin uwar da 'yarta ta yi karatu.

A ranar nan Zakariyya'u bai zauna ba. Ya cire ƙwan lantarkin sito. Ya lulluɓe tagar da baƙar leda ninki uku, ya bi ta da kwali, ya bi kwalin da ƙusa. Ya kwashe tsofaffin tarkunan da ke ciki ya watsar a bola, wai ba ya son a tayar wa marasa lafiya hankali. Sannan ya ɗauko zarto ya yanke gindin ƙofar, ya yi wata 'yar kafa, ya rataya mata labulen tsumma. Da Safiya ta tambaye shi ta mece ce, ya ce ƙofar rajista ce, domin ɓeran da ke waje ba zai amfana da duhun ba sai ya shigo.

Da ya tsaya a nan, da da sauƙi. Amma bayan magariba ya lura hasken lungun da ke tsakanin ɗakuna yana leƙawa ta ƙofar rajista, sai ya cire ƙwan lungun. Ya lura na banɗaki yana haska lungun, ya cire shi. Na tsakar gida ma bai tsira ba. Kafin mako ya zagayo, gidan Alhaji Lawal ya zama gida ɗaya tilo a layin da in an kawo wuta yara ba sa ihun murna, don ba wanda zai gane an kawo.

Wanda ya fara ɗanɗana kuɗarsa shi ne Baba Shekari, tsohon ma'aikacin masaƙa da ke ɗakin ƙurya, shi da magensa mai suna Manaja. Ya fito zai kewaya, ya zura ƙafa a bokitin wankin wani, ya yi gaba da bokitin, ya rungumi igiyar shanya. Yana lalube ya kunna tocilar wayarsa. Sai ga Zakariyya'u kamar an jefo shi.

"Kashe! Baba, kashe tocilar nan! Kana balagar min da su!"

"Ni da nake neman takalmina, ni ne nake balagar da ɓera?"

"Kowane ɗigon haske yana cinye musu melatonin."

"Zakari, na yi aiki a masaƙa tun kana tsumman goyo. Na ga mahaukata kala-kala. Amma kai naka yadin daban aka saƙa shi."

Ana cikin haka Manaja ta fito daga ƙarƙashin benci, idanunta biyu suna walƙiya a duhu. Zakariyya'u ya dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Ashe da fitila a gidan nan mai ƙafa huɗu!"

Washegari ya je wa Baba Shekari da fuskar jimami, ya ce umarni ne daga sama, Alhaji ya ce a ɗauke magen har sai an kammala aiki. Alhaji bai ma san da mage a gidan ba. Baba ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, amma tsoho ɗan haya ba ya ja da umarni daga sama. Haka aka sa Manaja a kwali, aka kai ta unguwar Trikania gidan 'yarsa Dorcas. Ma'aikaciya ɗaya tak da ke kama ɓera a gidan ba tare da ta yi wa kowa jawabi ba, ita aka fara sallama.

Sai batun magani. Zakariyya'u ya je kemis ya tambayi melatonin, yana furta sunan da ƙarfi don na bayansa su ji. Mai kemis ya ba shi 'yar kwalba, ya ce ƙwayar taimaka wa barci ce, a sha ɗaya in za a kwanta. Ya dawo ya daka ƙwayoyin a turmin yajin Safiya. Amma ɓera ba zai sha magani haka kawai ba, in ji shi, sai an lallashe shi. Ya kwashe ƙuli-ƙulin Safiya, ya haɗa da busasshen kifin miya da soyayyar gyaɗa, ya yayyafa garin maganin, ya mulmula dunƙule-dunƙule, ya riƙa turawa ta ƙofar rajista safe da yamma. Da ƙwayoyin suka ƙare bai fasa kai abincin ba, wai kada su yi zargin wani abu.

"Malam, yau miyar lami za ka sha," in ji Safiya. "Kifin yana wurin 'ya'yanka."

"Ki yi haƙuri. Duk matan manyan masana haka suka sha wahala."

Wata Juma'a da hantsi ya ce likitan kirki ba ya ba da abin da bai ɗanɗana ba. Ya gutsiri dunƙule ɗaya, ya ji daɗin kifin, ya cinye, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Ya zauna a bencin ƙofar gida yana jiran lokacin masallaci. Mutane suka wuce shi za su Juma'a, yana zaune baki buɗe. Suka dawo, yana kwance, ƙafa ɗaya a ƙasa, akuya tana cin igiyar wandonsa. Sai gab da la'asar Safiya ta fito da kofin ruwa ta sheƙa masa.

"Tashi! An yi huɗuba, an yi salla, an ci abinci, an wanke kwanuka. Ko kai ma taka balagar aka ɗage?"

Ya miƙe zaune yana share fuska, ya dubi rana, sai ya washe baki. "Alhamdu lillahi! Magani yana aiki!"

Abin haushin, wanda har yau in na tuna yake ci mini rai, shi ne mu ma mun taya shi. Mai shayin layinmu ne ya fara cewa tun da Zakari ya soma aikin nan bai ƙara ganin ɓera a teburinsa ba. Mai injin niƙa ya ce shi ma haka. Matan gidan da ke kallon na Alhaji Lawal suka ce wallahi har kwanon tuwo suke bari a buɗe ya kwana lafiya. Babu wanda ya tsaya ya tambayi ina ɓerayen suka tafi. Gida ne ga duhu, ga kifi safe da yamma, ga fulawa, ba mage, ba tarko, har da ƙofa mai labule. Ni ma da ɓera ne da tuni na tattara iyalina.

Zakariyya'u ya daina sharar kwata. Ya koma zama a tsakiyar bencin mai shayi, ana zuba masa madara ba ya tambaya. Ya sa aka rubuta masa allo aka kafa a ƙofar gida: "Dakta Zakariyya'u, Mai Hana Ɓera Balaga. Ana Zuwa Har Gida." Ya fara maganar ɗaukar kwangilar manyan sito-sito na hatsi, daga nan ya wuce kan sauro da kyankyaso. Har wani mai shagon buhuna daga Makera ya zo ya karɓi lambar wayarsa.

Siton kuwa ya fara magana. In ka wuce sai ka ji gudu, ka ji kokawa, ka ji wani abu ya faɗo tim. Maman Damaris ta kasa kunne a jikin ƙofar, ta ɗago a tsorace.

"Oga Zakari, wannan ƙarar fa?"

"Wasan yara ne, Madam. Yaro ai sai da guje-guje."

"Warin fa?"

"Warin melatonin ne. In ya yi yawa haka yake."

Baba Shekari da ke zaune a bakin ƙofarsa ya ce, "Ni dai na ji wani tsiw-tsiw jiya, irin na jarirai."

"Kunnen tsufa ne, Baba."

Da Kirsimeti ya rage mako guda, Maman Damaris ta ce ita fa lokacin aikinta ya yi, oda ta taru, a buɗe mata sito. Zakariyya'u ya ce ba a buɗe irin wannan aiki a ɓoye kamar kayan sata. Ya aro bencuna daga wurin mai shayi, ya jera a tsakar gida. Ya gayyaci duk layin. Ya sa kayansa na Salla, ya kafa hula. Alhaji Lawal ya iso cikin farar babbar riga, ya ga allon da ke ƙofar gidansa, ya karanta sau biyu. Aka ba shi kujerar roba a sahun gaba, daidai saitin ƙofar sito.

Ana shirin farawa sai ga Damaris ta shigo da jakarta, dawowarta ke nan hutu. Ta ga taro, ta ga uwarta da sabon ɗankwali.

"Mama, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Bikin iliminki ake yi."

Kafin uwar ta gama yi mata bayani, fuskar yarinyar ta canza. Ta dubi baƙar ledar da ke taga, ta dubi labulen gindin ƙofa, ta ɗora hannu a ka.

"Tun yaushe yake rufe? Yesu! Kawu, don Allah kada ka buɗe. Ko kuwa a bari mutane su fita tukuna."

"Kun ji ko?" Zakariyya'u ya juya ga jama'a. "Hassadar masana ke nan. Ita ta fara, ni na kammala, yanzu ba ta so a gani." Ya gyara murya. "Ranka ya daɗe Alhaji, iyayena, 'yan'uwana. Turawa sun yi shekaru suna wannan bincike a keji, ni na yi shi a sito. Abin da za ku gani yanzu 'yan ƙananan ɓeraye ne, tuzurai, ba aure ba haihuwa, suna jiran ajali. Duk mai raunin zuciya ya kawar da kai, abin akwai ban tausayi."

Ya zura makulli, ya murɗa, ya wangale ƙofar da ƙafa.

Wari ne ya fara fitowa, har sahun baya sai da aka toshe hanci. Sannan shiru. Hasken rana ya faɗa cikin siton, sai ga idanu, daga ƙasa har saman buhuna, ko'ina idanu ne suna kallon jama'a. Wani ƙato ya fito bakin ƙofa, ya kai girman gafiya, gashin bakinsa fari fat da fulawa. Ya tsaya ya dubi Alhaji.

"Wannan... wannan cikin tsofaffin ne," in ji Zakariyya'u. "Yana gab da rasuwa."

Mai gab da rasuwar ya daka tsalle ya haye cinyar Alhaji, sauran suka biyo baya.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kamar an fasa tankin ruwa, sai dai ruwan yana da wutsiya. Manya, matsakaita, masu ciki suna jan tumbi, 'yan matasa suna tsere. Bencuna suka kife. Mata suka yi kan famfo suna ihu, maza suka riga su. Mai injin niƙa ya haye katanga da takalmi ɗaya. Alhaji Lawal, mutumin da ko dariya ba ya yi a gaban 'yan haya, ya miƙe yana tsalle yana karkaɗa babbar riga, domin ɗaya ya shige ta hannun rigar ya rasa hanyar fita. Yana juyi yana salati, hularsa ta yi nata wuri.

Mai shayi daga saman durom ɗin ruwa ya nuna da yatsa. "Ga nawa can! Mai guntuwar wutsiya! Wallahi na gane shi. Kai, dubi yadda ya yi ƙiba!"

Zakariyya'u na tsakiya, hannuwa a buɗe, yana ƙoƙarin tare su. "Ku koma! Ku koma ciki, haske zai lalata ku! Jama'a a rufe musu ido!"

Da ƙura ta lafa, ɓerayen sun watsu cikin ɗakuna da maƙwabta, kowa ya koma gidansu da iyalin da ya tara. Baba Shekari ne ya fara shiga siton, yana dogara sanda. Buhunan suna nan a jere, amma da ya taɓa na sama sai ya lotsa, ba komai a ciki sai kashin ɓera da tsumma. Ya duƙa ya jawo ɗaya daga cikin gwangwanayen gasa kek na Maman Damaris, ya fito da shi tsakar gida, ya ajiye a gaban Zakariyya'u. Cike yake da jarirai jajur, ko ido ba su buɗe ba, suna motsi a kan yagaggen buhu.

"Dakta," in ji Baba, "akwai irin wannan gwangwanin a ciki har ba iyaka. Waɗannan su wa suka haife su? Tuzuran?"

Zakariyya'u ya leƙa gwangwanin. "Tocilarka ce, Baba. Na gaya maka tun ranar."

"Kawu!" Damaris ta kusa kuka don haushi. "Na ce maka jinkirin na 'yan kwanaki ne! Ɓera a cikin makonni yake balaga, ko da duhu ko ba duhu. Kai kuma ka ba su gida, ka ba su kifi!"

"To ai naki farare ne, 'yan makaranta. Waɗannan na unguwa ne, ba su san ka'ida ba."

Ba wanda ya yi dariya, domin Maman Damaris ta zauna daɓas a bakin siton, ta cire sabon ɗankwalin ta rufe fuska da shi. Kuka take yi na gaske, irin na wadda ta ga aikin shekararta ya tafi. Duk wanda ke wurin sai da jikinsa ya yi sanyi.

"Alhaji, na gode da zama," ta ce. "Gobe zan kira mota. Unguwar Boro ba ta da Dakta."

Alhaji ya samu ya fitar da baƙon da ke cikin rigarsa. Ya tsugunna kusa da ita, abin da ba a taɓa gani ba, ya sassauta murya.

"Madam, don girman Allah ki yi haƙuri. Fulawa da sukari ni zan sayo, yau ɗin nan, ko buhu ɗaya ba zai ragu ba."

"In sa su a ina? Gidan nan yanzu ko'ina ɓera ne. Har ƙarƙashin gadona na ga sun shiga."

Alhaji ya dubi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe a hankali, ya karkaɗe gwiwa, ya juya.

"Zakari."

"Ranka ya daɗe."

"A duk gidan nan, akwai ɗakin da ɓera ba ya shiga?"

Safiya ta kai hannu ta ja masa riga ta baya. "Malam, yi shiru," ta ce ƙasa-ƙasa. Amma an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya fizge rigar, ya gyara hula, ƙirjin nan ya sake tasowa.

"Nawa, ranka ya daɗe! Ka je ka duba. Ko ɗaya babu, ko kashinsa ba za ka gani ba. Ni ɓera ya san ni, ko ta bakin ƙofata ba ya bi."

"Me zai ci in ya shiga?" in ji Safiya. "Ka kwashe komai ka kai musu."

"Madalla," in ji Alhaji. "Madam, kin samu sabon sito. Zakari, kafin motar fulawa ta iso a fitar da katifa, a share, a kawo mini makulli."

Zakariyya'u ya matso kusa da shi.

"Alhaji... ni kuma ina zan kwana?"

"Ka tambayi 'ya'yanka. Su ma yau ka tashe su, kuma na ga kowa ya samu wuri."

Kayan ba su da yawa, ba a daɗe ana fitarwa ba. Safiya ta ɗaure tukwanenta a zane, ta aza a ka, ta ce ita ta yi gidan yayanta a Makera, kuma gidan ba ya ɗaukar masana. Ta fita ba ta waiwaya ba. Shi kuma ya tsayar da mai Keke Napep, aka ɗaure katifar a sama, ya shiga baya ya zauna da buhun tufafinsa a cinya, cikin kayan Salla. Mu muna tsaye a ƙofar gida muna kallo.

Ya leƙo ya dube mu, ya ɗan ɗaga yatsa. "Lokaci ne bai isa ba. Da an ƙara mini ko wata guda..."

Mai Keke ya tayar da inji, ya waiwayo.

"Malam, ina muka nufa?"

Zakariyya'u ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya dubi ƙofar ɗakin da Maman Damaris ke sharewa. Yatsan nan ya sauka a hankali.

"Mu je dai tukuna," ya ce.